Daga Kano zuwa Ghana ta mota don aikin sa-kai: amsar tambayoyin da ake yawan yi min

Tunda na dawo daga wata biyu da rabi da na yi ina koyar da lissafi a wata makarantar ƙauye a arewacin Ghana, kusan tambayoyi iri ɗaya ake ta jefo min, wasu har sau goma na amsa. Toh ga su nan na tattara waje ɗaya, wanda ya sake tambayata nan zan turo shi.

1. Wai meye aikin sa-kan nan, kuma ana biyan kuɗi?

Farko dai ba irin 'yan sa-kan da muka sani a Zamfara da Katsina ba ne masu bindigar toka, don ranar da na fara gaya wa Hajiyarmu zan tafi aikin sa-kai sai da ta ajiye carbinta ta kalle ni. Abun da ake nufi shi ne ka ɗauki abun da ka iya, koyarwa ko jinya ko gyaran famfon burtsatse ko ɗinki, ka je ka yi wa wata al'umma na ɗan lokaci ba don albashi ba.

Maganar kuɗi kala uku ce. Akwai manyan tsare-tsare masu ba da alawus da masauki, kamar shirin Najeriya na tura ƙwararru ƙasashen waje da aka kafa a 1987 wanda ake yin shekara biyu, da na matasan Tarayyar Afirka na shekara ɗaya, da na Majalisar Ɗinkin Duniya, su waɗannan nema ake yi a tantance mutum kuma galibi ba kai ke zaɓar ƙasar da za a kai ka ba. Akwai ƙananan ƙungiyoyi da makarantu da za su ba ka ɗaki da abinci kawai, nawa irin wannan ne. Sai kuma waɗanda kai za ka biya su, an tsara su ne don 'ya'yan Turawa masu zuwa hutu, kuɗinsu da dala ne, kai da ka taso daga Kurna ba naka ba ne.

2. Duk ƙasashen nan me ya sa Ghana?

Saboda babu biza, da Turanci ake karatu a makarantunsu, kuma hanyar ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu fataken goro sun yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa Gwanja da jakuna, su kai kanwa da tufafi da fatu kasuwar Salaga su dawo da goro, kuma kada mu yi wa tarihi kwaskwarima, har da bayi ake sayarwa a wannan kasuwar. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892 mutanen suka bazu Kete Krachi da Kumasi da sauran garuruwa, shi ya sa yau da wuya ka shiga babban gari a Ghana ba ka sami zango ba, wato unguwar Hausawa da sauran baƙi. Su kansu mutanen ƙasar sun saba da baƙi 'yan sa-kai, Ghana ce ƙasar da 'yan Peace Corps na Amurka suka fara sauka a 1961.

3. Waɗanne takardu zan riƙe?

Fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin allurar shawara wato yalo kad. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ya zauna har kwana 90 ba biza, amma fa da takardar tafiya ta gaske. Katin zaɓe da silif ɗin NIN ba takardun tafiya ba ne, duk wanda ya ce maka ai ana wucewa da su toh eh ana wucewa, da cin hanci a kowane shinge, kuma ka shiga ƙasar mutane ba hatimi a takardarka.

Allurar shawara a ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa ake yi, irin na filin jirgin Malam Aminu Kano. Sai ta kwana 10 a jikinka kafin katin ya fara aiki, don haka kar ka je ranar jajibirin tafiya. Tun 2016 hukumar lafiya ta duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Dan Allah a yi allurar da gaske, kar a sayi kati a tasha, cutar tana kisa. Bayan waɗannan ka riƙe wasiƙar gayyata daga inda za ka yi aikin mai ɗauke da adireshi da lambar waya, ka yi hoton komai kwafi biyu, ɗaya a jaka ɗaya a aljihu. Mai tafiya da motar kansa yana buƙatar inshorar ECOWAS da ake kira katin burawun da takardar izinin shigar da mota, wannan wani dogon zance ne, ni dai ban ba ɗan koyo shawarar ya fara da shi ba. 'Yan'uwa na Nijar ku duba tambaya ta 5.

4. Wace hanya ake bi, kwana nawa?

Hanyar da kowa ya fi bi ita ce ta bakin teku. Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000, ka kwana a lagzariyos ko ka raba tafiyar biyu ka yada zango a Abuja ko Ilori, ni na fi son rabawa saboda tafiyar dare a hanyoyinmu kowa ya san halin da ake ciki. A Legas in kana da ɗan'uwa a Agege ka huta kwana ɗaya. Daga nan ko dai ka shiga babbar bas ta kamfani mai zuwa Accra kai tsaye, su suke karɓar fasfunan fasinja su kai a buga hatimi, ko kuma ka tafi gutsure-gutsure daga Mile 2: mota zuwa Seme, wata zuwa Kwatano, wata zuwa Hillacondji bodar Benin da Togo, wata zuwa Lome, ka taka da ƙafa ka shiga Aflao, don bodar a cikin garin Lome take kamar ka fita daga Sabon Gari ka shiga Fagge. Daga Aflao sai Accra, za ku haye kogin Volta a gadar Sogakope.

Legas zuwa Accra bai kai kilomita 500 ba amma yini guda yake ci cur, wani lokacin har dare, ba nisan ba ne, shingaye ne da boda uku. Togo ɗin ma gaba ɗaya faɗinta ta bakin teku kilomita hamsin da 'yan kai ne. In arewa za ka kamar ni, akwai sauran sama da kilomita 600 daga Accra zuwa Tamale ta Kumasi da Techiman da Kintampo, awa goma sha wani abu a bas ɗin STC ko VIP. Ka lissafa kwana huɗu daga ƙofar gidanku zuwa Tamale, in ka yi uku ka gode Allah. Agogo kuma da ka shiga Togo ka mayar da shi baya da awa ɗaya, Ghana ma lokacinsu ɗaya da Togo, ni ban yi ba na tashi mutane sallar asuba tun dare bai gama rabawa ba.

5. Ba za a iya yankewa ta arewa ba, hanyar fataken da?

A taswira kamar wauta ce mutum ya gangara har teku sannan ya sake haurowa, Tamale tana can yamma da mu. Hanyar ayarin da ta ratsa Yawuri da ƙasar Bargu ta bi Nikki da Djougou, wadda fatake ke kira Zugu, ta faɗa Yendi sannan Salaga, kuma har yau ana iya bin kusa da ita: Chikanda a jihar Kwara, Nikki, Parakou, Djougou, Kara a Togo, a shiga Ghana ta wajen Tatale. Sai dai ƙananan motoci ne da ake jira su cika, Faransanci ake yi, kuma can ƙuryar arewacin Benin da Togo 'yan bindiga sun yi ta kai hare-hare a shekarun nan. Tafiyar farko kar ka bi ta nan sai da wanda ya saba, irin direbobin albasa da dillalan shanu.

Ta Yamai zuwa Fada N'Gourma zuwa Wagadugu kuwa a manta da ita tukuna, gabashin Burkina ba wurin gwaji ba ne. Bawku ma da ke kusurwar Ghana tana fama da tsohon rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi, ana yawan sa dokar hana fita. Ga mutanen Maraɗi da Damagaram: Nijar da Mali da Burkina sun fice daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairu 2025, ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu har sai an sake sanarwa, gadar Gaya da Malanville kuma ta daɗe a rufe tun bayan juyin mulkin Yulin 2023. Abubuwa ne masu canzawa, a tambayi direban da ya dawo makon nan, ba wanda ya je bara ba.

6. Ya ake yi a boda, gaskiya ne sai an ba da kuɗi?

A doka hatimin shiga da fita kyauta ne ga ɗan ECOWAS mai cikakkun takardu. A aikace za a tambaye ka, musamman in fasfonka sabo ne fil ba a taɓa buga masa hatimi ba, har suna suka sa masa, wai budurwar fasfo. A ɗaya daga cikin bodojin ukun wani jami'i ya juya nawa gaba da baya, ya ajiye shi ƙarƙashin gwiwar hannunsa ya ci gaba da cin gyaɗarsa kamar ba ni a wurin. Na ce ranka ya daɗe ɗan makaranta ne ni, aikin kyauta zan je, ga wasiƙa. Bai ko kalli wasiƙar ba. Na koma benci na zauna na fito da ruwana, minti arba'in muna haka, mutum biyar suka biya suka wuce, can dai ya gaji da ganin fuskata ya buga ya turo min da ɗan yatsa. A boda ta gaba kuma motarmu na jira, direba na ta hon, na biya, ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba.

Abun da ba a sassauci a kansa shi ne kar ka miƙa fasfonka ga wanda ba ya cikin kaki kuma ba ya bayan kanta. 'Yan kamasho za su yanyame ka tun kafin ka sauko, wani ma da Hausa zai yi maka magana, ɗan'uwa kawo in taimake ka, kar ka bayar. Kar ka yarda ɗan acaɓa ya zagaya da kai ta bayan gari, shiga ba hatimi ita ce matsalar da za ta jira ka ranar fita. Kar ka ɗauki hoto, kar ka riƙe wa kowa saƙon da ba ka buɗe ba, kuma kafin ka bar kanta ka duba kwana nawa aka rubuta maka, don abun da aka rubuta shi ne naka ba abun da ka ji a gari ba, akwai ƙarin bayani a tambaya ta 13.

7. Kuɗi fa da waya?

Kuɗi uku za ka taɓa, naira, sefa a Benin da Togo, sidi a Ghana. Ka canza ɗan sefa tun daga Wapa ko Legas na mota da abinci, ƙananan takardu, sauran ka riƙe a dala ko sefa ka canza a gidan canji mai rajista a Accra, na bakin boda farashinsu na wanda ba shi da zaɓi ne. Kar ka dogara da katin bankinka na naira. A 2007 Ghana ta goge sifili huɗu daga kuɗinta amma tsofaffi har yau da tsohon lissafi suke magana, in wata iya ta ce maka abu miliyan ɗaya ne sidi 100 take nufi, kar ka suma.

Kusan komai da MoMo ake biya, wato tura kuɗi ta waya, har mai sayar da koko. Matsalar ita ce rajistar layi an ɗaure ta da katin ɗan ƙasa, baƙo sai ya je babban ofishin kamfanin da fasfonsa, don haka ka bar layinka na gida a buɗe na kwanakin farko. Soket ɗinsu irin namu ne, lambar gaggawa 112.

8. A ina zan sami wurin aikin, kuma ya zan gane na damfara?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran. An sha kwaso matasa daga Najeriya da alƙawarin aiki a Ghana, suna isa a karɓe waya da fasfo a kulle su a gida a ce sai sun kira 'yan'uwa sun turo kuɗi ko sun jawo wasu, 'yan sandan Ghana sun sha kuɓutar da irinsu. Alamar ba ta ɓuya: albashi mai tsoka ba a tambayi me ka iya ba, kuɗin rajista kafin ka taso, gaggawa, da kuma kar ka gaya wa kowa tukuna.

Hanya mafi aminci ita ce ta mutane. Limamin unguwarku ko wani ɗan kasuwar goro ko malamin jami'a ya san wani a Kumasi ko Tamale, wannan ya san hedimasta. Ni ta haka na samu. Sannan ka nemi lambar rajistar ƙungiyar, ka yi kiran bidiyo a nuna maka ajin da ɗakin da za ka kwana, ka nemi magana da wanda ya taɓa zuwa, ka sa wani ɗan zango da ba ruwansa da su ya taka ya gano maka wurin. A rubuta a wasiƙa wa zai ciyar da kai, awa nawa za ka yi, ranar farawa da ranar gamawa. Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyin ya riga ya ba ka amsa.

9. Wane aiki zan iya yi in ba ni da wata sana'a?

Toh gaskiya ka tsaya ka koyi wata tukuna. Ghana ba ta rasa masu ɗaukar bulo ba, matasansu ma aiki suke nema. Abun da na ga ana so a ƙauyukan arewa shi ne malamin lissafi da kimiyya da kwamfuta, mai gyaran sola da burtsatse, malamar ɗinki ga 'yan matan da in ba haka ba Accra za su tafi dako a kasuwa, waɗanda ake kira kayayei, rabin sunan ma kayan namu ne na Hausa. Makarantun Islamiyya na zango kuma suna maraba da mai tajwidi da Larabci. Nas da likita ba a taɓa majinyaci sai da lasisin hukumar ƙasar, ko da kyauta ne, a fara wannan tun daga gida.

Gidan marayu na sati biyu ban goyi baya ba. Da yawan yaran suna da dangi a raye, talauci ne ya kai su, wasu gidajen kuma baƙin ne jarinsu, yaro ya shaƙu da kai ka tafi wani ya zo. In koyarwa ce ka yi zangon karatu guda cikakke ka bi manhajarsu. Ni satin farko na shiga da zafina zan gyara musu komai, malamin ajin, dattijo mai keke, bai ce min uffan ba, sai da na ga yaran ba sa gane Turancina ya dawo yana fassara musu da Dagbanci daga bayan aji, ashe shekara da shekaru shi yake riƙe da aji uku shi kaɗai.

10. Hausa kaɗai za ta wadatar?

A Nima da Mamobi da Madina da Sabon Zango a Accra, ko Aboabo da Asawase a Kumasi, za ka yi wata ba ka buƙaci wani yare ba. Hausarsu dai ta sha bamban, ba ruwansu da mace da namiji, za ka ji an ce matata ya tafi kasuwa, kuma ƙ da ɗ sun zama k da d. Kar ka yi dariya kar ka gyara wa kowa, ba a kai ka don haka ba. Kuma ba duk mai jin Hausa ne Bahaushe ba, zango ya tara Mosawa da Kotokoli da Zabarmawa da Wangara da Fulani da Yarbawa.

Da ka fita zango kuwa sai Turanci da Twi a kudu, Dagbanci a Tamale da Yendi, Gwanjanci a wajen Damango da Salaga. Dagomba ba Hausawa ba ne kuma ba sa son a ɗauke su haka. Ka koyi gaisuwa, dasiba da safe, a amsa da naa, ana ɗan rusunawa ga manya. In aka kai ka gaida sarkin gari ka riƙe goro, wannan kam ba sai an koya mana ba.

11. Abinci da sallah fa?

Nan ba ka da damuwa. Waakye shinkafa da wake ce da ake dafawa da karan dafi ta yi ja, tuwon zafi suna ce masa TZ ana ci da miyar ayoyo, koko da ƙosai da safe sunansa ma Hausa koko, tsire shi ne chichinga, zoɓo sobolo. Dokunu da banku, irin tuwon masararsu, masu tsami ne sai a hankali, shito kuma, wato yajinsu, ka fara da kaɗan. A kudu ka tambayi naman da ke cikin miya kafin a zuba, ko ka nemi mai abinci 'yar zango. Tamale garin Musulmi ne, masallaci ko ina. A Accra ka samu Juma'a ɗaya a babban masallacin ƙasa na Kanda da aka buɗe a 2021, in ka sami hutu kuma ka je tsohon masallacin nan ginin laka na Larabanga kusa da gandun dajin Mole.

12. Wane lokaci ya fi, kuma me zan kiyaye na lafiya? Mace za ta iya zuwa?

Arewacin Ghana yanayinsa kusan namu ne, damina ɗaya daga wajen Mayu zuwa Oktoba, hunturu, sai zafin Maris da Afrilu lokacin sanƙarau. Wajen Agusta da Satumba in aka saki ruwan dam ɗin Bagre na Burkina ƙauyukan bakin Farin Volta kan yi ambaliya, hanyoyi su yanke. Kudu damina biyu gare su. Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi daɗin tafiya, amma ka daidaita da kalandar makarantar. Ka tafi da gidan sauronka, wai ai mun saba da maleriya ba hujja ba ce, in zazzaɓi ya zo a yi gwaji. Kar ka yi wanka a tafkin Volta ko kududdufi saboda tsargiya.

Mata suna zuwa, 'yan kasuwa mata ma sun fi mu sanin hanyar. Shawarata ki shiga bas ɗin kamfani kai tsaye maimakon gutsure-gutsuren tambaya ta 4, ku kasance ku biyu ko da muharrami, ki sauka a gidan iyali ba ɗaki ke kaɗai ba, binciken tambaya ta 8 kuma ki ninka shi. Hijabi ba abun kallo ba ne a arewa ko a zango.

13. In na so in wuce kwana 90, ko in ɗan taɓa kasuwanci a gefe?

Kafin kwanakin da aka rubuta maka su ƙare ka je ofishin shige da fice na Ghana ka nemi ƙari, akwai a manyan biranen yankuna har da Tamale, da wasiƙar waɗanda kake wa aiki. Dogon zama yana buƙatar izinin zama da katin baƙi, kuma ƙungiyar ce ya kamata ta tsaya maka. Wanda ya zarce ba izini tara ce ke jiransa a Aflao, ana lissafa ta da yawan watannin da ya ƙara.

Kasuwanci kuma a yi hattara. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ga 'yan ƙasa, an sha rufe shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Accra a kan haka, kuma tsohon miki ne, su sun kori baƙi a 1969 zamanin Busia, mu muka kori nasu a 1983 zamanin Shagari, jakar nan ta Ghana Must Go da kake zuba kayanka a ciki daga nan ta samo sunanta. Turare da hula biyu-uku na tsaraba ba laifi, amma kar ka baza kaya a bakin titi da hatimin ziyara. Tsarabar dawowa kuwa goro da man kaɗanya da atamfa, daidai na kyauta, don in buhu ya yi nauyi kwastan za su ce kaya ne, a fara wani cinikin a Seme.